Ga Ƙannena Masu Neman Gurbin Horon Likitancin Ƙwaƙwalwa a Amurka

Makon jiya wani ƙanena likita, wanda ya gama hidimar ƙasa yana shirin neman gurbin horon ƙwarewa a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa a Amurka, ya roƙe ni in gwada shi da irin tambayoyin da ake yi wa masu nema. Ya zo da jerin jami'o'in da ya tace, duk waɗanda suka karkata ga binciken ƙwaƙwalwa da magunguna, domin a cewarsa shi ba likitan surutu ba ne. Na tambaye shi majinyaciyar da ya duba daga ƙarshe. Sunan maganin da ya rubuta mata da adadinsa suna bakinsa, amma da na tambayi wanda ya kawo ta asibiti, da sana'arta, da abin da ya auku a gidanta kafin barci ya ƙaurace mata, sai ya yi shiru yana kallon sama. Wannan shirun ne ya hana ni sakat har na ɗauki alƙalami.

Ƙannena, ba ni da ja da wanda ke son wannan ɓangare na sana'armu. Kafin likita John Cade ya gwada maganin lithium a Ostireliya a 1949, kafin likitoci Delay da Deniker su fara ba da maganin chlorpromazine a Paris a 1952, yawancin masu tsananin taɓin hankali rufe su kawai ake yi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda kuka mayar da son kimiyya hujjar raina sauraron mara lafiya, har kuna alfahari da hakan a takardar bayanin kai da kuke aikawa.

Ku duba tarihin makarantun da kuke rububin shiga. Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis ita ce ta yi fice da wannan aƙida ta fifita binciken ƙwaƙwalwa da magunguna a zamanin da masu bin tafarkin Freud, na jinya ta hanyar tattaunawa, suka mamaye Amurka, a ƙarƙashin Eli Robins da Samuel Guze. Ƙa'idojin tantance cuta da suka fito daga can a 1972, waɗanda ake kira da sunan John Feighner kuma suka share fage ga bugu na uku na DSM, littafin rarraba cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, a 1980, an gina su ne a kan alamomin ciwo, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da yadda yake sauyawa. Duk waɗannan daga bakin majinyaci da danginsa ake jin su. Har yau babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai tabbatar maka cewa wannan ciwon damuwa ne, wancan kuma sikizofireniya ce, wato wani nau'in taɓin hankali mai tsanani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ta yaya likitan da ya ƙi tambayar mai ɗakin zai gano inda ruwa ke shiga?

Ko maganin da kuke tinƙaho da shi ba ya aiki sai da magana. Clozapine yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa ake ɗibar jinin mai shan sa a kai a kai, kuma wanda bai yarda da likitansa ba ba zai riƙa dawowa ana soka masa allura ba. Lithium kuwa tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa ƙanƙanuwa ce, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana sa ya taru a jini. Likitan da bai tsaya ya ji cewa majinyacinsa zai yi azumi a tsakiyar zafi ba, zai iya ganinsa a ɗakin gaggawa hannu na karkarwa, harshe ya yi nauyi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsole maka ido.

Thomas Insel ya shugabanci cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar Amurka daga 2002 zuwa 2015, kuma da wuya a sami wanda ya fi shi tsayawa wa binciken ƙwayoyin gado da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Bayan ya sauka, da bakinsa ya amsa cewa an kashe kimanin dala biliyan 20 a zamaninsa ba tare da an rage yawan masu kashe kansu ba. Idan babban giwa ya yi wannan tawali'u, ina dalilin girman kan wanda ko gurbi bai samu ba? Ga shi hukumar ACGME da ke tantance shirye-shiryen horo ta wajabta wa kowanne, komai aƙidarsa, ya koyar da jinya ta hanyar tattaunawa a cikin shekaru huɗun horon. Abin da kuke gudu yana can yana jiran ku.

Na san gasar ta yi zafi. Tun da aka daina ba da maki a matakin farko na jarrabawar USMLE, ta neman lasisin aikin likita a Amurka, a Janairun 2022, aka koma ci ko faɗuwa, kowa ya raja'a ga makin mataki na biyu da yawan maƙalun bincike. A nan ne wata cutar ta ɓullo, inda matasa ke haɗa kuɗi a saka sunayensu a maƙalar da ko karanta ta ba su yi ba, wasu kuma su sa ChatGPT ya rubuta musu labarin rayuwarsu. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma farfesan da ya shekara ashirin yana bincike, tambaya biyu ta ishe shi ya gane ka. Amma ko wannan ƙaryar ba ta kai mini raina majinyaci ciwo ba, domin mai ƙarya kansa ya cuta, mai ƙin sauraro kuwa wani yake cuta.

Mu a zamaninmu malami ba ya barin ɗalibi ya ambaci magani sai ya ba da tarihin mara lafiya tun daga goyo, ya faɗi wurin malamin ruƙiyya ko mai maganin gargajiya da aka fara kai shi, da wanda ke biyan kuɗin mota. Ana iya shafe awa biyu a kan mutum ɗaya, kuma ba wanda ke duba agogo. Thomas Adeoye Lambo, wanda ya yi horo a Ingila kuma daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya, a 1954 ya zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da Aro a Abeokuta, yana ba su maganin zamani suna cikin jama'a. Duniya ta zo koyo a wurinsa. Yau jikokinsa a sana'a suna jin kunyar a ce sun iya zama da mara lafiya, sun ɗauka hakan aikin nas ne ko na ma'aikacin jin daɗin jama'a. Kaito, ina waccan tarbiyyar ta tafi?

Ku nemi guraben, Allah ya ba ku sa'a a watan Maris ranar da ake bayyana sakamako, amma ku gyara niyya, ku rage ɗoki, ku koyi haƙuri da mutane. Shi ƙanen nawa ya yi mini godiya, ya ninke jerinsa ya sa a aljihu, ya tambaye ni ko na san wani da ke neman ƙarin suna a maƙalarsa. Matar nan kuwa ranar Talata za ta koma asibiti, kuma shi ne zai duba ta.