Marowaci ya yi tambaya na amsa, aka ce in yi shiru

Ran Juma'ar da ta wuce wata tsohuwar Anasara ta ɗora yatsa a baki ta yi mini "shiit", kamar yadda mushe ke yi wa ɗan lakwal mai surutu. Ni da furfura ta fara fito mini a gemu. Har yau abin bai sake ni ba, shi ya sa na zo in sauke shi a gabanku.

Wani abokin aikina ne a nan Liyon, a ƙasar Faransa, ya gayyace ni, 'yarsa tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon tiyatir. E, makaranta ce sukutum, da darakta da malamai da jarrabawar shiga. Shekara uku ana koya wa yaro yadda zai tsaya, yadda zai ja numfashi, yadda zai faɗi ƙasa bai ji ciwo ba. Wasu ma ba su hawa dandali sam, karatunsu na hasken fitila ne, ko ɗinkin kayan wasa, ko kafa bangayen ƙarya na katako. In kaka ta kama, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da ganyen itatuwan bakin kogin Ron ke zuba, magariba kuma tana yi tun ƙarfe biyar, sai ɗaliban su fito da jerin wasanninsu, wasu na mutanen da, wasu na marubutan da ke raye. An buga komai a ɗan littafi mai sheƙi, da rana da sa'a da sunan kowa, har wanda ya guge riguna.

Ɗakin kallon kuwa sai wanda ya gani. Kujeru ja masu laushi, kowace da lambarta, jeri bisa jeri kamar matakala. Kana shiga a karɓi rigar sanyinka a ba ka wata 'yar lamba. Wata murya ta ce a kashe salula, kowa ya kashe, ba gardama. Fitilu suka dushe a hankali. Shiru ya sauka, irin wanda ko a zaman makoki ban taɓa jin kamarsa ba, don a makokinmu ai ana gaisawa. Dattijon da ke damana tari ya taso masa, na ga ya danne shi har idonsa ya kawo ruwa, ya lalubo alewa a aljihu yana ɓare ta a hankali kamar mai sata.

Wasan Moliyar ne, marubucin wasan kwaikwayo na Faransa, na wani marowaci, wanda aka fara yi a 1668. Tsoho ne mai kuɗi, ya binne akwatin zinariyarsa a lambu, yana neman aurar da 'yarsa ga wani dattijo don kawai ya yarda zai ɗauke ta ba a haɗa ta da dukiya ba, shi kuma yana neman auren yarinyar da ɗansa ke so. Ku faɗa mini, a wace unguwar Maraɗi ce babu wannan Alhajin? Tun fitowarsa na san shi. Da aka sace akwatin sai ya fito yana kururuwa, ya cafke hannunsa da kansa yana zaton ɓarawon ne, sannan ya juyo gare mu, mu 'yan kallo, yana nuna mu da yatsa, yana tambaya ko ɓarawon yana cikinmu. Yaron ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya iya har na manta inda nake. Na buga cinya na ce, da Hausa, da ƙarfi: "Kai Alhaji, ji tsoron Allah, wa zai taɓa maka!"

Nan ne tsohuwar ta waigo.

Bayan an tashi, ana shan ruwan inabi a zaure ni ina riƙe da lemo, wani cikin baƙin ya tambaye ni, da fara'arsa da ladabinsa, wai ko a ƙasarmu akwai tiyatir. Na ce akwai. Iyakar abin da ya fito bakina ke nan. Sauran amsar sai a cikin jirgin ƙasa ta zo mini, ina komawa gida, lokacin da ba ta da amfani.

To ga ta. Mutum ya tsaya gabanka ya yi maka tambaya, ka yi masa shiru, wannan ba ladabi ba ne a wurinmu. Kuma ba ladabi ba ne a wurin Moliyar ɗin kansa. A zamaninsa talakawan da ke ƙasan dandali a tsaye suke kallo, suna ihu, suna shewa, suna mayar da magana. Ya rubuta marowacin yana zargin 'yan kallo ne don ya san za su tanka. Shi kansa ya yi wajen shekara 13 yana yawo gari-gari da ayarinsa, har nan Liyon ya zauna, kafin ya koma Faris a 1658. Ɗan kama ne, da ya samu sarki ya riƙe shi. Da ya rasu a 1673 limaman coci suka ƙi yi masa jana'iza saboda sana'arsa, sai da sarki ya sa baki aka binne shi da dare. Wallahi da za a tashe shi a kai shi gidan samariya, ƙungiyar matasan unguwa, na Bagalam a Maraɗi, a zamanin mulkin soja na Kunce, da ya fi gane wurin a kan wannan ɗaki mai jan kujeru. Sun ajiye rubutunsa ba ko wasali da ya ɓata, amma hayaniyar da aka rubuta shi dominta mu ke da ita.

Ku da kuka ga lokacin kun san abin da nake nufi. Tabarma, benci biyu, fitila ɗaya, yara a kan katanga. Ba takarda a hannun kowa. A shirya ƙashin labari, tsadar aure ko cin hanci ko mai tafiya cin rani ya bar iyali, sauran kuma kowa ya cika da bakinsa. In wata ta jefo magana daga cikin taro, ɗan wasa ya cafe ya mayar mata, kuma sau da yawa wannan ce maganar da za a kwana ana maimaitawa a gari. Haka ake fafatawa daga unguwa har a kai ga bikin matasa na ƙasa. Su Yazi Dogo kuma, in an sa su a tele, gidan da ke da akwatin ya zama kasuwa. Ban ma zo kan tashe ba, ko wasan kara na Damagaram, inda talaka ke shiga rigar mai mulki ya kwaikwaye shi a gabansa. Wace makaranta ta koya musu?

Na sani, za ku ce in yi adalci. To, ga shi. Soja ne ya rayar da samariya, kuma don amfaninsa ya yi, akwai abin da ba a isa a taɓa ba. Su kuma nan ɗan wasa ma'aikaci ne: in ya cika sa'a 507 na aiki cikin wata 12, ana biyansa wani abu a watannin da ba shi da wasa. Yarinyar abokina ubanta ya zo da furanni, yana ta nuna ta ga mutane. Kuma wasan 1668 yana nan, yaro ɗan shekara 22 ya haddace shi. Wannan duk gaskiya ne. Amma da ka ba ni zaɓi tsakanin gawa mai kyan likkafani da mai rai cikin tsumma, ka san wanda zan ɗauka.

Sai dai kuma, ina mai ran?

Wannan tambayar ce ta hana ni barci, ba tsohuwar ba. Bayan taron ƙasa na 1991 samariya ta watse. Kaset ɗin Kano suka shigo ta Ɗan Isa, kowa ya koma ɗaki. Wa'azi ya yi ƙarfi, wasa ya zama abin da ake ɓoyewa a tarihin mutum. Yau yaran unguwarmu a salula suke yin nasu, minti ɗaya-ɗaya, wasu da ban dariya ƙwarai, amma ba mai tanka musu sai da yatsa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ke fitowa a Alhaji marowaci a samariyarmu. Tela ne. Yakan cusa tsumma a ciki ya yi tumbi, ya ɗaure 'yan dala-dala a bakin zane cikin wando, in zai ba matarsa kuɗin cefane sai ya juya baya, ya kwance ƙulli bakwai, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya mayar da ɗaya. Mata na zaginsa daga cikin taro, shi kuma yana rama wa kowace da sunanta. Ba hoto ko ɗaya, ba kaset. Kuma in faɗi abin da ban so faɗi ba: da na shiga kwalej ina jin kunya a ce kawuna ne. Bara ma da ƙanwata ta ce ɗanta yana son shiga wata ƙungiyar wasa, ni ne na bugo daga nan na ce a hana shi, ya kama karatu. Ni ɗin nan da ke cika baki a jirgin ƙasa.

Ran Asabar na kira Kawu ta WhatsApp. Bayan gaisuwa da tambayar iyali da sanyin gari na ce, "Kawu, don Allah ka yi mini Alhajin nan ko sau ɗaya, in ɗauka in ajiye."

Ya yi shiru. Ya ce, "Mi za ka yi da shi, ɗan nan? Wannan aikin ƙuruciya ne, mun tuba. Yanzu ni ka jan salla a masallacin layinmu in liman bai nan. Kai dai ka yi muna addu'a."

Na ce to, Allah ya ƙara lafiya, na ajiye.

Jiya da asuba na tashi na tarar da saƙon murya, minti huɗu. Na buɗe. Sai na ji wani tari na ƙarya, sannan muryar nan ta cikin hanci da na yi shekara talatin da wani abu ban ji ba: "Dala biyu? Dala biyu ta gishiri? Ke teku za ki dahwa?" Can baya ina jin Inna, matarsa, tana dariya har tana shaƙewa, tana cewa "Ka ji tsoron Allah, Malam," shi kuma yana mayar mata. A ƙarshe, bai fita daga muryar Alhajin ba, ya ce wasa ba a yin shi kyauta, in aiko da jikka goma kafin Juma'a.

Na aika ashirin. Na ce a ba ɗan ƙanwata salular ya ji.