Koyar da Likitocin Yara Ba Aiki Ba Ne a Wajenku?

Ƙarfe biyu da rabi na dare aka taso ni. Jaririya ce 'yar wata huɗu, gudawa ta tsotse ta, maɗiga ta faɗa, idanu sun zurma. Likitan da ke kwana, wata uku kacal da fara horon neman ƙwarewa a fannin yara, ya soka allura sau uku bai sami jijiya ba. Hannunsa na rawa, uwar na tsaye ta kasa ko kuka. Na kama ƙafar yarinyar, na ɗora hannuna a kan nasa, na nuna masa inda zai danna da yadda zai kwantar da allurar. Jini ya leƙo, ruwa ya fara tafiya. Muka zauna har gari ya waye ina sa shi yana lissafin ruwan da jikinta ke buƙata, yana kuskure ina mayar da shi baya.

Bayan mako biyu kwamitin ƙarin girma na makarantarmu ya dawo mini da takarduna. Wai maƙalolina na bincike ba su kai adadi ba. Na duba fom ɗin tun daga farko har ƙarshe, babu layi ɗaya da zan rubuta wancan daren, ko ɗaruruwan irinsa. Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba.

Don Allah a gaya mini, a ina ake so ɗalibi ya koyi duba yaro? Babba zai buɗe baki ya ce ga inda ke masa ciwo. Jariri kuka kawai zai yi, wani lokaci ma shirun nasa ne abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 a minti ga jaririn da bai cika wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Kowane ɗalibi ya haddace wannan. Amma sai ka tsaya a kansa, ka sa ya ɗaga rigar yaron ya ƙirga minti guda cur, sannan zai fara ganin yadda ƙasan ƙirji ke lotsawa. Haka magani: na yara da nauyi ake auna shi, parasitamol ma miligiram 15 ne ga kowane kilo. Ɗigo ɗaya ya goce a rubutu, yaro ya sha ninki goma. Na taɓa ganin nas ta tare irin wannan kuskuren a hannun sabon likita, kuma ba sakarai ba ne, babu dai wanda ya taɓa zama da shi ya duba lissafinsa.

Ba yau aka san haka ba. Tun da aka buɗe asibitin Johns Hopkins a Amurka a 1889, shahararren likita William Osler ya dage cewa a bakin gadon majinyaci ake koyon likitanci. A 1984 wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibiti a New York a hannun ƙananan likitoci da aiki ya yi wa yawa. Kowa na tuna cewa daga nan aka bi har aka ƙayyade aikin masu neman ƙwarewa zuwa awa 80 a mako a faɗin Amurka a 2003. Abin da ake mantawa shi ne kwamitin da ya bi diddigin lamarin ya fi nanata rashin babba a kusa da zai sa ido. A 1990 kuma wani masanin ilimi na Amurka, Ernest Boyer, ya yi kira ga jami'o'i su ɗauki koyarwa a matsayin aikin ilimi mai daraja kamar bincike. Sama da shekara talatin ke nan, mu har yanzu ƙirgen takardu muke yi.

Sai kuma abin da suke kira horar da malamai. Sau ɗaya a shekara a tara mu a zaure, a kunna majigi, wani ya karanta mana abin da ke jikin allo, a raba takardar shaida, a watse. Shekara tara ina koyarwa, ko sau ɗaya wani babba bai taɓa bin zagayena na safe ya ji yadda nake yi wa ɗalibai tambaya ba, balle ya ce mini nan ka gyara. Ranar da aka fara sa ni cikin masu jarrabawa, da safe aka miƙo mini takardar maki. Makomar ɗalibi a hannuna, ban san ma'aunin da na kusa da ni yake amfani da shi ba.

Ni ban raina bincike ba, da shi muka san yawancin abin da muke yi wa yaran nan. Abin da ke ƙona mini rai shi ne tsarin ya koya wa kowa cewa mai wayo ya gudu daga ɗakin marasa lafiya. Wata abokiyar aikina, wadda ta fi mu duka iya koyar da farfaɗo da jariri a mintinsa na farko a duniya, ta daina karɓar ɗalibai bara. Ta ce ta gaji da aikin baban giwa. Ban ga laifinta ba, amma bakwainin da ke kwance a kwalba shi zai ɗanɗana kuɗar rashinta. Idan wani abu ya faru kuma, ƙaramin likitan za a kira a titsiye, a bar jaki ana dukan taiki.

A ware mana sa'o'in koyarwa a cikin jadawali, kada a cusa mana wani aiki a cikinsu. A riƙa turo wanda ya iya ya kalli yadda muke koyarwa. A buɗe gurbi a fom ɗin nan. Zan sake miƙa takarduna, kuma wannan karon zan haɗa da jadawalin kwanan asibitina na shekara uku da sunan kowane likita da na tsaya a kansa. Su karanta, su dube ni ido da ido su ce ba aiki ba ne.