Mai tulun yana nan da ransa

Na san kun ga hoton, tun jiya ake yawo da shi. To ni da ƙafata na je na tsaya gaban tulun simintin nan na ado da ke bakin lambun shaƙatawa. Shuɗi. Tulu shuɗi, jama'a, yana ƙyalli kamar sabon bokitin roba! Ƙwaryar da ruwan ke zuba a ciki an yi mata fari fat, duwatsun gefe kuma kore shar. Wai gyara aka yi. Sannunku da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni ba fentin ne ya fi ƙona min rai ba. Dattijon da ya gina abin nan yana raye. Bai mutu ba, bai bar gari ba, idonsa garau. Kowane mai adaidaita a unguwar zai sauke ka a ƙofar gidansa. Amma an rasa mutum ɗaya da zai ɗaga waya ya ce, Baba, aikinka ya tsattsage, zo ka duba mana.

Ina makarantar sakandare aka yi aikin, ta wurin muke bi kullum. Da rodi ya fara ɗaura ƙashin tulun, ya naɗe da ragar waya, sannan ya riƙa yaɓa siminti yau kaɗan gobe kaɗan, yana lulluɓewa da jiƙaƙƙen buhu kada rana ta busar da shi da wuri. Jan launin nan irin na yumɓu ba shafawa ya yi ba, a cikin kwaɓin ya zuba shi. Zanen wuyan tulun kuwa da ƙusa da bakin cokalin gini ya fitar, tun simintin yana ɗanye. Duk an bi da filasta an shafe, har da sunansa da ya rubuta ƙanana a gindi.

Kuma mutumin nan, duk ƙarshen damina yakan zagaya tsofaffin ayyukansa ba wanda ya aike shi: na ƙofar otal, na shataletale, na gidajen masu hali. Ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma ya kasa kunne, inda ya ji amon kwanko ya san ciki ya rabu. Shi ya taɓa yi min bayanin cewa ruwa ne ke bi ta tsaga ya tarar da rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya faso simintin daga ciki. Wannan ba a maganinsa da fentin mai. Kwalliya ce kan gyambo, damina biyu ba za ta yi ba zai fara ɓanɓarewa. Da an kira shi da ya faɗa musu, kyauta ma.

Wani ya rubuto min wai ai an biya shi tun tuni, aikin ya tashi daga nasa. To likitan da ya yi maka tiyata ma an biya shi, in ɗinkin ya buɗe sai ka tafi wurin baduku. Wani kuma wai dama gumaka ne. Tulu da ƙwarya? Allah ya sawwaƙe. Masu cewa ana fama da tsadar abinci ina ta tulu, ku tambayi kuɗin fentin tukuna, ba daga aljihun ɗan kwangila ya fito ba.

Ku tsallaka Nijar ku gani. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, wani magini manomi, Falke Barmu, ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. Da ginin ya buƙaci gyara a 1975, shi ɗin dai aka koma wa. Ya sake rufin, ya ɗora ƙubba, daga baya ya tayar da hasumiya huɗu, kowace da kamanninta. A 1986 masallacin ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta gine-gine. Mutanen ƙauye ne fa, amma sun san wanda ya san cikin gini shi ake kira. Mu 'yan birni masu takardu mun kira mai fenti.

Tsakani da Allah, tausayinsa nake ji. Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa siminti na cin tafin hannunsa, ba fansho, ba komai, abin da ya rage masa kawai ya wuce da jikansa ya nuna ya ce ni na yi wancan. Yanzu me zai nuna? An ce min ya je da yamma, ya zagaya sau ɗaya, ya shafa inda sunansa yake, ya hau kekensa. Ku kira shi. Har yanzu ana iya kankarewa.