Ranar da na zama bakanike da ƙarfi da yaji

Wallahi akori-kurar nan tawa ta san ranar da nake sauri. Ina shan kwana kawai sai ga jar wuta ta ƙifta a dashbod, wannan mai alamar motsin rai a cikin da'ira, na miƙe hanya ta mutu, na sake shan wata kwanar ta sake ƙiftawa kamar mai tsokanata. Na ja hambirki na sake shi ya fi sau goma, don na san in bai sauka duka ba ita ce ke kamawa, amma ina. To ni mai wayo sai na yanko baƙin salatif na manne mata fuska na ce shi ke nan kowa ya huta.

Sati biyu sai na ga da daddare jan haske yana leƙowa ta gefen salatif ɗin, yanzu ma ta daina ƙiftawa ta zauna daram. Na buɗe bonet, man birki ya sauka ƙasa da layin MIN, ashe wata 'yar roba ce ke iyo a cikin tankin, in mai ya yi ƙasa sai a kwana ya karkata ta nutse ta kunna wutar. Na sayo DOT 3 na ɗura har baki, wuta ta mutu, na fara jin kaina injiniya.

Nan ne fa shaiɗan ya ce min to ina man ya tafi? Na shige ƙarƙashin mota, na ga cikin tayar baya ya jiƙe sharkaf, na dangwala na shinshina, subhanallahi, warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga kauri. Man birki ba ya haka, wannan man giya ne daga difirenshal, tukunyar nan da ke tsakiyar ƙafar baya. Na ce tunda na zo nan ai sai na canja shi da kaina. Na samo 80W-90, na tara roba, na kwance notin ƙasa, mai ya zubo baƙi ƙirin har hannun rigata, maganaɗisun jikin notin kuwa ya tara garin ƙarfe kamar gemu. Na goge na mayar ina fito.

Sai notin sama, wanda ta nan ake zuba sabo. Ya ƙi. Tsatsa ta riƙe shi gam, na sa sifana, na ƙara bututu, na taka da ƙafa, na yi ta bugu har bakinsa ya cinye ya zama sumul. Ga mota babu ɗigon mai a baya ba damar motsa ta, ga sabon mai a galan yana kallona. Uwargida ta leƙo ta ga ƙafafuna kawai a waje ta ce "Baban yara, a kawo maka filo ne?"

Da bakanike ya zo ya daɗe yana kallona kafin ya ce "Oga, ai na sama ake fara kwancewa." Sai da aka yi wa notin walda da wani noti sannan ya fito, ya zuba mai har ya fara tsiyayowa ta ramin, wai nan ne cikarsa. Ya nuna min 'yar ƙofar fitar iska da ke saman ƙafar, laka ta toshe ta, iska mai zafi ta rasa mafita ta turo mai ta sil har ya jiƙa shu ɗin birki, duk sai an canja.

Jar wutar kuwa babu ruwanta da wannan, fad ɗin birkin gaba ne ya cinye saura ƙiris ƙarfe ya ci ƙarfe, shi ya sa mai ya sauka. Yana mayar da fistin birkin ciki don sa sabon fad, man da na cika har baki ya yi ambaliya, ga shi kuma yana cin fenti, muka yi ta watsa ruwa.

Da ya shiga gwada mota ya ɓare salatif ɗin ya ɗago shi ya ce "Oga wannan fa?" Na ce yara ne.