Yabon da muka ajiye sai bayan ransa

'Yan uwana matasa, kwanakin baya wani dattijo da na sani ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da ƙuruciyarsa soja ne. Da ya ajiye kaki bai koma gida ya miƙe ƙafa ba, sai ya shiga aikin kwana-kwana, ya yi ta yi har furfura ta cika masa kai. Ranar da ya rasu kowa ya ɗora hotonsa a waya, ana ta rubuta "gwarzo", "namijin duniya". Ni ma na rubuta. Daga baya kunya ta kama ni, don na tuna rabona da in je gaishe shi ya fi shekara biyu, alhali na san yana fama da tari.

Wannan tarin nake so mu tsaya a kansa. Mu a tunaninmu haɗarin ɗan kwana-kwana harshen wuta ne kawai, idan ya fito bai ƙone ba shi ke nan, ya tsira. Ina! Hayaƙin da ya shaƙa yana nan a ƙirjinsa, dattin robobi da fenti da suka ƙone yana maƙale a kayan aikinsa, yana ratsa fata a hankali. A shekarar 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan aiki cikin rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, kuma ta ambaci dajin mafitsara. Ga kuma zuciya: mutum yana barci jiniya ta tashe shi, cikin 'yan mintoci ya saɓa tukunyar iska da kayan da nauyinsu ya haura kilo 20, ya hau bene cikin zafi da duhu. A Amurka an daɗe ana ganin bugun zuciya a sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe su a bakin aiki. To wanda ya yi shekaru yana wannan, bayan kuma abin da idonsa ya gani a soja wanda bai taɓa ba kowa labari ba, me kuke zato ya kai gida ranar da ya yi ritaya?

Na taɓa tambayarsa wanne ya fi wuya, soja ko kwana-kwana. Dariya ya yi, ya ce ai duk abu ɗaya ne: inda mutane ke gudowa, can ake tura ka. Kuma gaskiyarsa ce. A birnin Faris na Faransa har yau 'yan kwana-kwana sojoji ne, tun da Napoleon ya kafa rundunarsu a 1811, su ne kuma suka kwana suna fama da gobarar majami'ar Notre-Dame a 2019. A New York, ranar 11 ga Satumba 2001, mutane na saukowa daga dogayen benaye biyu da aka kai wa hari da jiragen sama, 'yan kwana-kwana kuma suna hawa, 343 daga cikinsu ba su dawo ba.

Mu fa? A nan ne maganar ta zo kanmu, kuma ban cire kaina ba. Gobara ta tashi, abu na farko da hannunmu ke lalubowa waya ce, ba don mu kira su ba, don mu ɗauki bidiyo. Motarsu na ta jiniya a bayanmu, mai mota ya ƙi kaucewa, wani ma ya bi ta a guje don ya samu hanya. Sun iso, mun cika wurin maƙil, ana taka musu mesa, ba inda za su juya mota. Idan aka yi asara kuma mu ne na farko wajen zagi: sun makara, ba su san aikinsu ba. Wani lokaci da gaske akwai sakaci ko rashin kayan aiki, ban ce a rufe baki ba. Amma wanda ya tare hanya da wane baki zai yi ƙorafin makara?

Idan dai da gaske muke a wannan "gwarzo" da muka rubuta, ai irinsa ba su ƙare ba. Akwai tsofaffin da suka yi soja ko kwana-kwana suna zaune yanzu haka, gwiwa ta ƙi, kunne ya yi nauyi, masu leƙo su sun ragu. Ku je ku zauna da su, ku yi tambaya, ku bar su su yi magana ko da sun maimaita labari sau uku. Idan ranar ganin likita ce kuma ba mai kai su, ku kai su. Sannan duk ranar da kuka ji jiniya a bayanku, ku kauce tun ba ta iso ba.

Ranar 4 ga Mayu ce ranar 'yan kwana-kwana ta duniya, an fara ta ne bayan wutar daji ta kashe biyar daga cikinsu a Linton ta ƙasar Ostireliya a 1998. Na san ranar za mu sake cika waya da hotuna. Ni dai akwai abokin aikin marigayin da ke raye, na nemi lambarsa, gobe da safe zan je.