Yanzu kowace kasala a Damagaram "ƙarancin jini" ce?

Wannan saƙon murya da ke yawo a gungunan WhatsApp ɗinmu tun shekaranjiya, wanda na san duk kun ji, ni dai ya ɓata mini rai. Wai duk mai ciwon hanta da ke jin kasala jininsa ne ya ƙare, ya ajiye ƙwayoyin asibiti, ya nemi kwalba uku na ruwan ƙarin jini, ya haɗa da jiƙon da shi mai muryar yake sayarwa. Sannu da aiki, babban likita! Bai ga mara lafiya ba, bai ga takardar gwaji ba, amma ya auna jinin gari kaf, daga Birni har Zango.

Jama'a, a gwada jini tukuna.

Abin da ke cikin maganin ƙarin jini sinadarin ƙarfe ne, kuma in ya yi yawa jiki ba shi da hanyar zubar da shi. Sai dai ya tara, rumbunsa kuwa hanta. Ita hantar ce ma take yin wani sinadari, hepsidin, mai hana hanji zuƙar ƙarfe fiye da kima. In ciwon hanta ya daɗe a jiki, musamman nau'in C, hepsidin ɗin kan ragu, ƙarfe ya yi ta taruwa. Wanda ya taru kuma ba zaman banza yake ba, cin hantar yake yi, tabo kan tabo, har ta yi tauri ta ƙanƙance, ciki ya fara tara ruwa. To hantar da ƙwayar cuta ta riga ta galabaitar, ita za ku ƙara wa kaya safe da yamma da cokali?

Ita kanta cutar tana sa gajiya ko da jini na cike. Mutum ya tashi da safe ya ji kamar bai kwanta ba. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga ciwon suga, ga tunani mai hana barci, kowanne yana iya karya gaɓɓai. Na san wani zai shigo ƙasa ya ce ai akwai waɗanda jininsu ya yi ƙasa da gaske. Wa ya musa maka? Akwai mai ciki, akwai mai zubar jini. Shi ya sa ake gwaji: a duba emoglobin, ma'aunin yawan jini, a duba feritin, ma'aunin ƙarfen da jiki ya tara. Ko feritin ɗin ma kumburin hanta kaɗai yana iya ɗaga shi, sai likita ya haɗa da sauran sakamako kafin ya yanke. Abin da likita ke yi wa taka-tsantsan, shi mai jiƙo ya warware cikin minti biyu.

Akwai wata dattijuwa a layinmu da na shiga gaisarwa. Kwalaben ƙarin jini jere a bakin taga, wasu har kiyashi ya bi zaƙin ya hau murfi, ita kuma farin idonta ya koma rawaya. Na ce, "Inna, wa ya rubuta miki waɗannan?" Ta ce, "Ɗana, ai mai maganin ya ce in na shanye zan ji ƙarfi." Wallahi sai da na ji ƙwalla. Kuɗin furarta ne ta tara ta saya, da kyakkyawar niyya.

Kar wani ya ce mini gwaji da tsada. Lissafa jakunkunan da aka zuba a kwalabe da ƙulle-ƙullen saiwa a kasuwar Dole, ka dawo mu yi magana. Masu cewa da itatuwa kakanninmu suka rayu kuwa, Allah ya jiƙan kaka, amma ba ta taɓa tura saƙon murya tana cewa a bar tenofobir, ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ba. Mai nau'in B da ke shan wannan ƙwaya, in ya yanke ta haka kawai, cutar na iya tasowa da ƙarfin da zai kwantar da shi. Nau'in C kuma yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin makonni 8 zuwa 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da B, miliyan 50 da C, kuma miliyan 1.3 suka rasu a shekarar. Da jiƙo na warkarwa, da Sin da Masar, inda cutar ta addabi jama'a, sun riga ku zuwa layi.

Ɗaya ɓangaren ma ban ƙyale ku ba, masu cewa jini ne ya yi yawa, a tafi ƙaho. I, likitoci kan ɗebi jini in ƙarfe ya yi yawa, amma da awo, bayan gwaji. Askar da ta tsaga bayan wani kafin naka, ita ce ma hanyar da cutar ke bi ta shiga.

Ku sha zoborodonku, ku ci kwaɗon zogalenku, abinci ne. Amma kafin cokalin ƙarin jini, a gwada.

Af, tunda ana maganar hanta: masu yin ƙuliƙuli, don Allah gyadar da ta yi funfuna a daina jefa ta cikin turmi don kar a yi asara. Gubar aflatoksin da ke cikinta suya ba ta kashe ta, kuma in ta haɗu da nau'in B, hatsarin kansar hanta ninkuwa yake yi. Ni yanzu sai na fasa ƙuli na shinshina kafin in saya, masu tallar har sun fara yi mini kallon mai rowa.