'Yan Barkwanci, Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ƙannena masu ɗaukar wasan barkwanci da waya, ku matso mu yi magana. Akwai wani bidiyo da ke yawo a makon nan, minti huɗu cur, ba komai cikinsa sai ihu da guje-guje da kwaikwayon mai in'ina, sannan aka liƙa masa dariyar na'ura. Daga gani ka san yadda aka yi shi: an hallara, an kunna kyamara, darakta ya ce "ku dai fara, abin zai zo." Wannan "abin zai zo" ɗin ce ta kashe wasan.

Da ka yi magana sai a ce ai Charlie Chaplin, shahararren ɗan barkwancin fim, ma ba ya rubutu. Haka ne, sai a finafinansa masu magana, daga 1940, ya riƙa shiga aiki da cikakken labari a takarda. Amma rabin zancen kuka ji. An haife shi a Landan a 1889, yana ɗan shekara bakwai talauci ya kai shi gidan gajiyayyu. Ya yi shekaru a dandamali, har da ƙungiyar barkwanci ta Fred Karno, kafin ya tsaya gaban kyamara a Amurka a 1914. Wanda jama'a suka sha yi wa shiru ido da ido ya san inda dariya take kwana. Kai wa ya taɓa yi maka shiru? Abokanka ne ke kallo, su kuwa ko tari ka yi sai sun ƙyalƙyale.

Ku dubi fim ɗinsa City Lights na 1931. Fitowa ɗaya ce ta hana shi barci: yaya makauniya mai sayar da furanni za ta zaci matsiyaci attajiri ne, a fim ɗin da ba a magana? Sau 342 aka ɗauke ta. Maganin kuwa ƙarar rufe ƙofar motar alfarma ce: ya ratsa ta cikin motar don ya kauce wa ɗan sanda, ta ji ƙofa, ta ɗauka mai motar ne ya sauko. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ku kuwa ɗauka ɗaya, "ya yi, a sake shi." Sauri dai ya haifi nawa.

Chaplin yana da situdiyonsa da kuɗin ɓarnatar da fim. Kai ba ka da su, saboda haka takarda ce gatanka. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, wasan minti uku shafi uku kenan, shi ne ya gagare ku. Rashin rubutun ne ke sa a faɗi abin dariyar tun kafin a shimfiɗa masa tabarma, ko a binne kalmar da ke ɗauke da shi a tsakiyar jimla, alhali ƙarshe ne wurinta. Abu biyu su tafi a kan hanya, na uku ya kauce: wannan ma ba a zauna an tsara ba, sai a maimaita raha ɗaya sau shida har ta yi tsami. Mutum zai zame ya faɗi, an cika allo da fuskarsa, ba a ga ƙafa ba balle abin da ya taka, to me za a yi wa dariya? Wajen tacewa a yanke daidai bakin maganar, ba a bar ko daƙiƙa biyu mai kallo ya dara ba. Sautin kuma iska ta cinye, don ba wanda ya tuna da makirufo.

Idan raha ta ƙi zuwa, sai a faɗa kan gurgu da kurma da yaren wasu, ko a shiga batsa. Na lalaci kenan, banza kuwa ba ta kai zomo kasuwa. Ban ma taɓo masu sayen mabiya ba, da waɗanda za su karɓi labarin yaro su hana shi ko sisi, sunansa ma ba zai fito ba.

Ku dai nutsu, ku zauna da alƙalami kafin kyamara. Da can ɗan wasa yakan yi shekaru yana bin na gaba da shi kafin a ba shi layi biyu, kuma uba da 'ya'yansa su zauna su kalla ba mai sunkuyar da kai. Yau yaro ya sayi waya da safe, kafin la'asar ya rubuta "darakta" a gaban sunansa.